Kafin ka sayi kyamarar fim, nemi tsohon mai wankin hoton unguwarku

Jama'a, rubutun nan zai ɗan ja, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwanan nan ina yawan ganin matasanmu suna ɗora hotuna masu launi irin na da, da ɗan dishi-dishi, a ƙasa a rubuta wai da fim aka ɗauka. Wasu da gaske fim ɗin ne, wasu kuma manhajar waya ce ta shafa wa hoton tsufa. Yayin ba daga nan ya taso ba. Kamfanin Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya durƙushe a 2012 har sai da ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Kowa ya ɗauka fim ya mutu an binne. Sai ga shi Leica ta dawo da tsohuwar kyamararta M6 a 2022, Pentax kuma ta fito da sabuwa fil a 2024, Pentax 17, wadda take raba kowane gurbin hoto biyu, fim mai ɗaukar 36 ya ba ka 72.

Ni dai ina murna da wannan. Amma akwai abin da masu ɗokin ba sa faɗa. Yaron da ke Landan ko Tokyo idan ya gama fim ɗinsa shago zai miƙa, a wanke masa, a turo masa hotunan a waya. Kyamara ta samu matsala, akwai mai gyara. Mu a nan shagunan wankin fim sun rufe tun da dijital da wayar hannu suka ci kasuwa, waɗanda suka rage sun koma buga hoto daga kwamfuta. Saboda haka duk wanda zai yi harkar fim a Kano ko Zariya ko Damagaram, dole ya zama mutum uku: mai ɗauka, mai wanki, mai gyara. In ba ka shirya wa biyun ƙarshen ba, abin da ka rataya a wuya ado ne kawai, kuma ado mai tsada.

Bari mu fara da gyara, don nan ake fara asarar kuɗi.

In za ka sayi tsohuwar kyamara a gwanjo, nemi wadda cikinta ƙarfe ne da sifirin, kamar agogon wani. Pentax K1000, da aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, ko Nikon FM2, ko Zenit ɗin Rasha mai nauyi kamar dutsen guga. Waɗannan ko babu batir za su ɗauki hoto, ma'aunin haske ne kawai zai kwanta. Olympus Trip 35 ma ko gurbin batir ba ta da shi, hasken da ke dukan goshinta ne ke motsa ma'auninta. Ƙananan na roban nan masu yin komai da kansu, na shekarun 1990, waɗanda yanzu aka fi rububi a kansu, su ne na fi tsoro. Ranar da allon lantarkinsu ya ƙone, sai dai a ba yara su yi wasa.

Yawancin cututtukan tsohuwar kyamara ba su da yawa, kuma da ido ake gane su. Ka buɗe bayanta ka duba soson da ke zagaye da ƙofa. Bayan shekara talatin ko arba'in, soson nan yakan narke ya zama baƙin danƙo, haske ya riƙa satar hanya, sai ka ga jan zane ko ruwan lemo ya ratsa hotunanka. Mutane da yawa sun yar da lafiyayyar kyamara saboda wannan. Maganinsa tsinken sakace da ɗan sifirit, a kankare tsohon, a yanka sabon baƙin soso siriri a liƙa. Aikin awa ɗaya ne. Gurbin batir idan ya yi farin gari ko kore, auduga da ɗan ruwan kal, wato binega, za su goge shi. Amma ga tarko: kyamarori da yawa na shekarun 1960 da 1970 an yi su ne don batir mai sinadarin makyuri, mai ƙarfin 1.35, wanda aka daina yi saboda guba. Ka sa na yanzu mai 1.5, allura za ta motsa, ka ɗauka lafiya lau, alhali ƙarya take maka. Batirin na'urar taimaka wa ji, mai 1.4, ya fi kusa. Masu K1000 kuma ku riƙa rufe gilashi da marfinsa, don ma'auninta ba shi da makunni, muddin yana ganin haske yana shan batir.

Sai gilashin. Ka cire shi, ka haska tocila ta baya. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, damina da ajiya cikin jakar fata suka haife ta. Kaɗan a gefe ba ta hana aiki, amma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin, ko an goge tabon na nan. Ƙura kuwa kar ta dame ka, gilashin da ya sha hunturu arba'in dole ya yi ƙura, kuma ba ta fitowa a hoto.

Abu biyu nake roƙo. Don Allah kar a ɗiga wa kyamara man keken ɗinki, kar a fesa mata man kwance tsatsa. Man yana bin ko'ina, ya hau siraran ganyayyakin da ke buɗe ido su rufe, su manne. Na biyu, kar ka buɗe kyamara mai filasha a jikinta kana wasa da sukudireba. Akwai ɗan abin da ke tara wuta a ciki, ƙarfinta ya kai 300, ya zarce na soket ɗin ɗakinka, kuma yana riƙe ta ko an cire batir. In aikin ya wuce soso da batir, tsohon mai gyaran agogo ya fi mai gyaran waya fahimtar abin da ke ciki.

Wanki shi ne inda ake tsorata mutane, alhali wankin fim mai baƙi da fari bai kai haɗa miyar taushe wuya ba. Ba ka ma buƙatar ɗakin duhu. Baƙar jaka ce mai hannu biyu, ka zura hannuwanka, ka naɗe fim a kan zobensa, ka sa a ƙaramin tanki mai hana haske. Daga nan komai a fili ake yi. A jikin fim akwai gishirin azurfa. Ruwan farko yana mayar da wanda haske ya taɓa baƙar azurfa, hoto ya fito. Na biyu ya tsayar da aikin na farko, ruwa zalla ma yana yi. Na uku, wanda tsofaffin masu hoto ke kira haifo, ya wanke sauran gishirin da haske bai taɓa ba, don hoton ya zauna. Sai ɗauraya da shanya. Fim irin Ilford HP5 a ruwan D-76 minti bakwai da rabi yake so a ruwan farko.

Matsalarmu ita ce takardun da ke zuwa da magungunan nan an rubuta su ne don ruwa mai zafin digiri 20. Ruwan tankin saman gida a watan Afrilu, ai kun san yadda yake. A irin wannan zafi maganin yana gudu, lokacin ya gajarce har ya kasa minti biyar, wankin ya fito wani wuri ya ci wani bai ci ba. Dole sai ƙanƙara da ma'aunin zafi, ko a fara da ruwan randa a yi aikin da asuba. Kuma duka ruwan su zama kusan zafi ɗaya, in ka fito da fim daga sanyi ka tsoma a ɗumi, fuskarsa za ta yamutse kamar busasshen tabki. Abin dariya, fim mai kala da ake cewa ya fi wuya, digiri 38 yake so, minti uku da daƙiƙa goma sha biyar. Bature sai ya dafa ruwa, mu kuwa bazara ta dafa mana.

Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin tabo, don haka ɗaurayar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa irin na batirin mota. Da hunturu kuma jiƙaƙƙen fim maganaɗisun ƙura ne. Ka watsa ruwa a banɗaki, ka rataye shi, ka ja ƙofa, kar ka leƙa sai bayan awa biyu.

In maganin farko ya yi wuyar samu, ana haɗa shi da garin kofi irin Nescafé da bitamin C da sodar wanki, kuma yana aiki, sai dai wari. Na san wani zai ce to kanwa fa? Kanwa tana da dangin sinadarin, amma kowane dunƙule da nasa ƙarfin, ba ta aunuwa, kar ka gwada da hoton bikin ƙanwarka. Haifo kam ba a haɗa shi a kicin, sai an saya. Kuma wanda aka gama aiki da shi cike yake da azurfa, a tara shi a jarka, kar a zubar kusa da rijiya.

To duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya fi damuna.

A da in ka je shagon hoto, takarda ake ba ka, nagatif ɗin yana wurin mai hoto, don in kana son ƙarin kofi ka dawo. Ma'ana tarihin unguwa guda, auren iyayenmu, sunan yayyenmu, tafiyar alhazai, hawan Sallah, 'yan makaranta da sabon yunifom, yana cikin kwalin wani tsoho. Ku dubi Bamako. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban nagatif. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a Niyok ba tare da sunansa ba, an rubuta ba a san mai ɗauka ba. Da André Magnin ya zo Bamako neman mai su, wanda ya duba ya ce ai na Keïta ne shi ne Malick Sidibé, mutumin da a lokacin, bayan hoto mai kala ya karya kasuwar irinsu, gyaran kyamara ya fi riƙe shi. Sidibé ɗin nan shi aka ba babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Benis a 2007. Keïta kuma aka cika Grand Palais na Paris da hotunansa a 2016, shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa. A Yamai akwai Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar birnin bayan samun 'yancin kai. A Legas J.D. 'Okhai Ojeikere ya ɗauki kitso kusan kala dubu. Ba na jin masu hoton garuruwanmu sun gaza su ido. Su dai waɗancan kwalayensu sun tsira har aka buɗe.

Namu kuwa suna cikin sito, ƙarƙashin kwano. Ledar da aka yi yawancin tsofaffin fim da ita, zafi da laima na cinye ta a hankali. Alamar farko wari ne mai tsami kamar binega. Daga nan ta lanƙwashe, ta tsattsage, hoton ya ɓare. Kuma tururin wanda ya kamu yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu. Kowace damina da ta wuce, wani sashe ya tafi, magada kuma in sun zo gyara sito, shara suke gani.

Na ji masu cewa ana fama da tsadar abinci wa yake ta fim. Gaskiyarku. Fim ɗaya a yau, da canjin dala, ba abin wasan talaka ba ne, kuma ba na ce kowa ya ajiye wayarsa ba. Amma ceton nagatif kusan kyauta ne. A fitar da su daga leda, a sa a ambulan na takarda, a ware masu wari, a kai ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, ɗakin ƙasa ya fi na kwano nesa ba kusa ba. A ɗora nagatif a kan farin hasken wata waya, a ɗauka da wata, manhaja ta juya shi ya zama hoto. Sannan a zauna da dattawa a rubuta sunaye da shekaru tun suna da rai, don hoton da ba a san ko waye ba rabinsa ya riga ya mutu. Mu da muka canja waya huɗu ko biyar, kowa ya tambayi kansa ina hotunansa na 2012.

Hattara biyu. Kwalin nan dukiyar mai hoto ce da magadansa, in baƙo ya zo da murmushi kar a sallama masa a kuɗin goro, kuma duk abin da za a yi a rubuta a takarda. Sannan mutanen da ke ciki iyayen wasu ne. Matar da ta zauna gaban kyamara a 1974 don mijinta ta yi, ba don Facebook ba. A nemi izinin iyalinta kafin a ɗora, in sun ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Wanda ya san wani shagon hoto da ya rufe amma mai shi ko 'ya'yansa na nan, ya faɗi garin kawai a ƙasa, ban da suna ko lambar waya, sai mu yi magana ta akwati. Ku kuma masu sabuwar soyayyar fim, kuɗin fim ɗaya ku sayi goro da turare ku je ku gaishe da tsohon. Ku roƙe shi ya nuna muku kwalin, ku sansana. Sannan ku tambaye shi yadda yake sanyaya ruwan wanki a watan Afrilu lokacin da unguwar ba ta da firiji ko ɗaya.