Amanar Mai Faci A Gidajen Gem Na Mubi

A wannan mako filin namu zai ya da zango ne a Mubi ta Jihar Adamawa, garin da ya yi suna wajen kasuwar shanu da cinikin kan iyakar Kamaru. Amma mu yau gidajen gem za mu leƙa, watau 'yan shagunan nan da samari ke taruwa gaban talabijin suna buga ƙwallon ƙafa da na'urar PlayStation. Dattijo zai ce wannan ai sha'anin yara ne. To, a yi mini haƙuri a ji abin da na tarar.

Bayan ƙaramar salla na sauka gidan wani yayana a garin. Da magariba sai ga ɗansa ya shigo, riga a yage, ido ya yi ja. Na ce, "Kai kuwa lafiya?" Ya ce, "Baffa, cutarmu aka yi." Ashe samarin unguwarsu ne da na wata unguwa suka yi karo-karo suka sayi kofi, suka shirya gasa a wani shago mai na'ura biyu. Tun daga farko yaron nan Galatasaray yake ɗauka saboda Victor Osimhen, har ya kai wasan ƙarshe. Da aka zo wasan ƙarshe sai aka mai da su kan ɗaya na'urar, ya duba ya ga babu Osimhen a Galatasaray, yana can Napoli, ƙungiyar da abokin karawarsa ya riga ya zaɓa. Daɗin daɗawa, bayan an cinye shi aka gano cewa wani ya shiga ya ɗaga gudun wani ɗan wasan Napoli zuwa 99, wanda shi ne maƙura. Nan fa aka kaure da kokawa. Sai da mai unguwa ya sa baki, shagon kuwa ya yi kwanaki a rufe.

Ina aka samo wannan rikici? Ga yadda abin yake. Kamfanin Konami na ƙasar Japan shi ne mai wasan da ake kira Pro Evolution Soccer, ko PES a taƙaice. Shekara da shekaru kamfanin bai mallaki izinin amfani da sunayen wasu manyan ƙungiyoyi ba, saboda haka a wasu fitowar wasan za ka ga Manchester United ta zama Man Red, Chelsea ta zama London FC, Real Madrid kuma MD White. Masu sha'awar wasan a ƙasashe dabam-dabam sai suka riƙa zama suna gyara sunaye da riguna da tambura da jerin 'yan wasa, su tattara a fayil guda su bazu da shi a intanet. Wannan shi ne faci, kuma sunan ya dace, domin kamar facin taya yake: ba sabuwar taya aka saya ba, tsohuwar aka liƙe don ta ci gaba da tafiya.

PES 2021, wanda ya fito a 2020, shi ne na ƙarshe mai wannan suna, domin a 2021 kamfanin ya koma kan wani sabo mai suna eFootball. Osimhen ya je Napoli a 2020, saboda haka can wasan ya san shi. Tafiyarsa Galatasaray aro a 2024, da sayensa da ƙungiyar ta yi a 2025, sai faci ne kaɗai zai gaya wa na'ura. A shagon nan an sa sabon faci a na'ura ɗaya an bar ɗayar da tsohon. Iyakar abin ke nan, amma ya isa ya raba unguwa biyu.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke fama da tsohuwar na'ura da sabon labari. A ƙasar Barazil wani mai shagon gem, Allan Jefferson, ya fara wani faci mai suna Bomba Patch wajen 2007, aka yi ta sabunta shi a kan PlayStation 2, na'urar da ta fito tun 2000, har ya zama abin alfahari a ƙasar. A wasannin da ake yi ta intanet kuwa, irin su Minecraft da Counter-Strike, jama'a kan kafa tasu babbar na'ura mai karɓar baƙi, wadda ake kira saba, su zuba mata filaye da dokokin da suka ƙirƙira da kansu. Ƙa'idar farko a can ita ce kowa ya zo da abu iri ɗaya. A Minecraft, idan ƙarin da ke na'urarka bai yi daidai da wanda sabar ke nema ba, ba za ta buɗe maka ƙofa ba. A Counter-Strike kuma sabar kan turo wa baƙo filin da ba shi da shi kafin ya shiga. Watau can na'ura ce mai gadi. A gidan gem na Mubi babu wannan mai gadi, mai shago shi ne saba, shi ne alƙali, kuma abin da ke hannunsa amana ce.

Saboda haka ga shawarwarina ga masu shaguna da yaran da ke yi musu faci.

Na farko, kafin ka taɓa kome, kwafe tsohon ajiyar wasan a filashi dabam ka adana. In sabon ya ƙi, ka san inda za ka koma. Masu iya magana sun ce kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari.

Na biyu, ka san irin wasan da ke na'urarka. Facin da aka yi domin PES 2021 ba na wata shekara ba ne, na kwamfuta kuma ba na PlayStation ba ne. A PlayStation 4 ana zuba fayilolin ne cikin wata jaka mai suna WEPES a filashi, sa'an nan a shigo da su ta sashen gyara na wasan. Wanda ya kuskure sunan jakar, na'ura ba za ta ga kome ba.

Na uku, kada ka fara aikin sai kana da tabbacin wuta. Idan ta ɗauke na'ura tana tsakar rubutu, ajiyar na iya lalacewa. Gara ka ta da janareta na rabin sa'a da ka yi asarar aikin wata guda.

Na huɗu, faci ɗaya, rana ɗaya, a dukkan na'urorin shago. Ka sami littafi ka rubuta sunan facin da ranar da aka sa shi, ka kuma liƙa takarda a bango kowa ya gani. Da zarar an fara gasa, a daina sabuntawa sai an ba da kofi, ko da duniya duka ta canza ƙungiya.

Na biyar, sashen gyara ya zama haramun ne ga 'yan wasa. Kafin babban wasa a kira wakili daga kowane ɓangare a duba jerin 'yan wasa da makinsu a gabansu. Minti biyar ne, amma rigakafi ya fi magani.

Na shida, a kula da inda ake ɗebo kaya. A watan Yuni na 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna Fractureiser, an cusa ta cikin ƙarin Minecraft a shahararrun rumbuna, tana satar bayanan sirri daga kwamfutocin mutane. In haka ta faru a rumbun da aka yarda da shi, ina ga fayil da ya bi ta waya goma kafin ya iso hannunka? Kwamfutar da kake saukar da faci kada ta zama ita ce kake hulɗar banki da ita.

Akwai kuma wata magana da ta fi waɗannan tsaya mini a rai. Na lura duk facin da ke yawo a shagunanmu ƙungiyoyin Turai yake yi wa hidima. Yaro ya san rigar Barcelona ta bana, ya san wanda aka saya jiya a Ingila, amma ka ce ya nuna maka Adamawa United ko Kano Pillars ko El-Kanemi Warriors a na'urar, sai ya yi ta susar ƙeya. Alhali kuwa sashen gyaran nan da aka yi amfani da shi wajen cuta, shi ne dai wanda za a iya gina ƙungiya da shi tun daga suna har launin riga. Me zai hana a ga ƙungiyar Lokuwa tana karawa da ta Shuware, kowane yaro da sunansa a bayan riga?

Kada a raina wannan. Counter-Strike kansa faci ne da wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life a 1999, kamfanin Valve ya saye shi a 2000. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, kuma ana koyar da ilmin kwamfuta. Garin da ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoba na 2014, aka ƙwato shi a Nuwamba, mutanensa suka dawo suka sake buɗe kasuwa da makaranta, ba zai gaza haɗa facin kansa ba. Ina kira ga ɗaliban nan da su haɗa kai da masu shaguna su gwada.

Ga iyaye kuma, ban ce a saki yara su kwana a gidan gem ba. Lokacin salla na salla ne, na makaranta na makaranta, kuma duk shagon da caca ta shiga ya zama abin gudu. Amma yaron da ya iya adana kwafi, ya iya rubuta abin da ya canza, ya kuma ƙi taɓa makin ɗan wasa alhali babu mai ganinsa, ya koyi abin da za a iya damƙa masa ma'ajin ofis gobe.

Kafin in baro Mubi an sake buga wasan ƙarshen nan, bayan an daidaita na'urorin biyu a gaban shaidu. Ɗan yayana ya sake shan kashi, ci biyu da ɗaya. Ya dawo gida rigarsa lafiya lau, ya ce, "Baffa, wannan karon ya fi ni ne."

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, ƙarama da babba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.