Tayar Babur: Kamun Ƙasa Ya Kamata A Fara Tambaya, Ba Ƙarko Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu sayar da kayan babur ya san tambayoyi biyu da mai saye yakan yi idan an miƙo masa taya. Ta farko ita ce, nawa ne? Ta biyu kuwa, tana da ƙarko? Da wuya a ji wanda ya tambayi yadda tayar take kama ƙasa, alhali kuwa wannan ita ce tambayar da ta shafi ransa. Babur da mahayinsa da duk abin da aka ɗora a kai ba su taɓa hanya sai ta wurare biyu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta waɗannan wurare ne ƙarfin inji yake isa ƙasa, ta nan birki yake aiki, ta nan kuma ake shan kwana. Mota tana da ƙafa huɗu, idan ɗaya ta zame sauran sukan tallafe ta. Babur ba shi da wannan gata.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ba a ce taya ce ta jawo duk wannan ba. Amma a ƙasar da babur ya zama jakin zamani, yana kai malami makaranta, yana kai manomi gona, yana kai mara lafiya asibiti, bai kamata a bar zaɓen taya ga sa'a da bakin ɗan kasuwa ba.

Ɗalibin kimiyyar fiziya ya san dokar gogayya wadda Bafaranshen nan Amontons ya bayyana a shekarar 1699, wato cewa ƙarfin gogayya ya danganta ne ga nauyin da ke danne abu, ba ga faɗin wurin da ya taɓa ba. Wannan doka tana aiki sosai ga katako da ƙarfe, amma roba ba ta bin ta sau da ƙafa. Dalili shi ne roba tana kama hanya ta fuska biyu. Da farko tana mannewa da tsakuwar kwalta, kusan irin yadda danƙo yake yi. Na biyu, tana lotsawa ta shiga ƙananan ramukan da ke jikin kwaltar, kuma ba ta komawa siffarta nan take, sai ta ɗan yi jinkiri. Wannan jinkiri yana cinye wani kaso na ƙarfin motsi ya mayar da shi zafi, shi ne kuma yake riƙe tayar ko da ruwa ya hana mannewar farko. Saboda haka roba mai laushi ta fi kama ƙasa. Sai dai laushin nan da ya ba ta kamu, shi ne yake sa ta saurin cinyewa. Roba mai tauri takan daɗe, amma kamunta kaɗan ne, musamman a jiƙaƙƙiyar hanya.

A nan matsalar take, kuma masana'antu sun daɗe suna fama da ita. Tun lokacin da Charles Goodyear ya gano dafa roba da farar wuta a 1839, da lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya ɗaura wa keken ɗansa taya mai iska a 1888, ake neman robar da za ta haɗa kamu da ƙarko. An zuba mata wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ya ƙara mata juriya ƙwarai, shi ne ma ya sa taya take baƙa. Daga shekarun 1990 aka shiga haɗa ta da silika, wadda ta kyautata kamu a kan ruwa. Akwai kuma tayoyin manyan babura da ake yi wa roba iri biyu, mai tauri a tsakiya inda ake tafiya miƙe, mai laushi a gefe inda ake kwantawa a kwana. Duk da wannan ci gaba, har yanzu ba a yi tayar da ta fi kowace kamu ta kuma fi kowace daɗewa ba. Duk ɗan kasuwar da ya rantse cewa tasa ta haɗa biyun, cika baki yake yi.

To, tun da dole a fifita ɗaya, wanne za a fifita? Lissafi kaɗan zai ba da amsa. A ɗauka babur yana gudun kilomita 60 a awa, wato kimanin mita 16.7 a daƙiƙa. Idan ma'aunin gogayya tsakanin taya da hanya ya kai 0.8, kamar yadda akan samu da taya mai kyau a busasshiyar kwalta, mafi ƙarancin tazarar da zai tsaya bayan birki ya kama ita ce kusan mita 18. Idan ma'aunin ya faɗi zuwa 0.4, saboda taya ta suɗe kuma an yi yayyafi, tazarar ta zama mita 35. Bambancin mita 17 ne, tsawon motoci huɗu a jere. A cikin wannan tazara ce yaro ɗan makaranta ko akuya ko mai tura kura yake tsaye.

Lissafin kwana ya fi wannan ban tsoro. Babur ba ya juyawa sai ya kwanta, shi ya sa aka yi bayan tayarsa a gantsare kamar gindin ƙwarya, ba a shafe kamar na mota ba. Mai shan kwanar da nisanta daga cibiya ya kai mita 25, a gudun kilomita 40, yana buƙatar kamun da ya kai rabin nauyinsa, kuma zai kwanta kimanin digiri 27. Idan ya ƙara gudu zuwa kilomita 57 kawai, buƙatar ta ninka, sai ya kwanta digiri 45, abin da ƙananan tayoyi ƙalilan ne za su iya ɗauka. Bugu da ƙari, kamun da taya take da shi kamar kuɗin cefane ne: abin da aka kashe wa kwana ba ya nan don birki. Mutumin da ya taka birki a tsakiyar kwana yana neman taya ta biya bashi biyu da kuɗi ɗaya. Idan ta baya ce ta zame, gwani yakan iya cetowa. Idan ta gaba ce, kafin ya ankara yana ƙasa. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa ko da aljihu bai kai a sayi masu kyau biyu ba, kada a yi wa tayar gaba rowa.

Ɗan acaɓa, ko ɗan kabu-kabu kamar yadda ake ce masa a Nijar, yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce shi kullum yana kan hanya, tayar baya takan cinye kafin ta gaba, ga balas da zai kai wa mai babur kowace yamma, don haka taya mai laushi asara ce gare shi. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ba shi shawarar sayen tayar tsere. Irin wannan taya ba ta ma kama ƙasa sosai sai ta ɗauki zafi, kuma a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa yakan haura digiri 40, ba za ta yi kwana nawa ba. Abin da ake cewa shi ne, tsakanin tayoyin da aka yi don aikin yau da kullum akwai mai hankali akwai mai taurin kai, kuma ana iya sa mai ɗan tauri a baya a sa mai kamu a gaba, muddin girmansu da ƙirarsu sun dace da babur ɗin. Sannan mafi yawan ƙarkon da ake nema a wajen saye, a wajen kulawa ake zubar da shi.

Babban ɓarawon ƙarko shi ne iska. Taya ba ita take ɗaukar kaya ba, iskar da ke cikinta ce. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar yakan riƙa lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, ya ɗauki zafi, zaren ciki ya gaji, kan babur ya yi nauyi a hannu, kuma rami ɗaya ya isa ya sa rim ya tsinke tif. Idan ta yi yawa, wurin da ke taɓa ƙasa yakan ƙanƙance, tsakiya ta cinye ta bar gefe, babur ya riƙa tsalle a kan gargada. Mafi yawan ƙananan babura suna son abin da ya kama daga awo 25 zuwa 33 a ma'aunin da ake rubutawa psi, na gaba ƙasa da na baya, kuma ainihin adadin yana rubuce a littafin babur ko a wata takarda da aka manna a jikinsa. Amma sau nawa aka ga mai faci ya sa geji? Yakan danna da babban yatsa, ko ya ƙwanƙwasa da sifana ya saurari ƙara. Yatsa ba ya bambance 28 da 40. Ya kamata kuma a auna da safe kafin a hau, domin iska tana kumbura da zafi: ƙarin digiri 10 yana ƙara matsinta da kimanin kashi uku cikin ɗari. Wanda ya auna bayan doguwar tafiya ya sace iska, gobe da safe zai tashi da taya mara ƙarfi.

Zanen da ke bayan taya shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Mutane da yawa suna ɗauka cewa manyan haƙora su ne kamu. A busasshiyar kwalta ba haka ba ne, shi ya sa baburan tsere suke amfani da taya sumul mara zane ko ɗaya. Aikin zane shi ne ya ba ruwa hanyar fita, kuma ya ciji ƙasa mai laushi. Saboda haka wanda hanyarsa burji ce ko yashi ko laka, kamar mai zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da damina, shi ya dace da mai manyan haƙora. Wanda ba ya barin kwaltar birni, irin wannan taya za ta rage masa robar da ke taɓa ƙasa, ta riƙa rawa a kwana, ta kuma cinye da wuri. Dokar Ingila ba ta yarda zurfin zanen tayar babur da injinsa ya wuce cc 50 ya gaza milimita 1 ba, Jamus kuwa milimita 1.6 ta sa. A gefen yawancin tayoyi akwai haruffan TWI ko ɗan alamar kibiya, kuma daidai wurin a cikin kwarin zanen akwai ɗan tudu. Ranar da bayan tayar ya yi daidai da tudun nan, aikinta ya ƙare, ko da ba ta taɓa yin faci ba.

Akwai wata al'ada ta samari, ta sa wa babur tayar da ta fi wadda aka yi shi da ita faɗi, wai don ya yi kyau ya kuma zauna daram. Faffaɗar taya a kan siririn rim takan matse, gantsarewarta ta canza, wurin da ke taɓa ƙasa ma ya iya raguwa. Kuɗi ne aka kashe aka sayi matsala.

Abin da ya rage shi ne karanta rubutun da ke gefen taya, kuma a nan ne ɗalibin sakandare zai iya yi wa mahaifinsa ko yayansa amfani. Idan an rubuta 3.00-17, faɗin tayar inci 3 ne, rim ɗinta inci 17. Idan an rubuta 90/90-18, faɗinta milimita 90 ne, tsayin gefenta kashi 90 cikin ɗari na faɗin, rim inci 18. Bayan wannan akan ga lamba da harafi, misali 48P. Lambar tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka: 41 kilo 145 ke nan, 48 kilo 180, 52 kuwa kilo 200. Harafin yana nuna iyakar gudu, L kilomita 120 a awa, P kilomita 150. Yanzu a ƙaddara babur mai nauyin kilo 120, da mahayi da fasinja kowanne kilo 65, da buhun masara mai kilo 100 a baya. Jimla kilo 350, kuma kashi biyu cikin uku ko fiye yana kan tayar baya, wato sama da kilo 230 a kan tayar da aka yi don 180. Idan ta fashe a hanyar kasuwa sai a ce tsautsayi ne. Mai irin wannan lodi ya nemi wadda lambarta ta fi girma, ko wadda aka rubuta wa 6PR maimakon 4PR. Akwai kuma kibiya mai nuna inda tayar za ta riƙa juyawa, wadda masu faci da yawa ba su dubawa.

Rubutu mafi muhimmanci shi ne na ranar haihuwar tayar. Tun daga shekarar 2000, tayoyin da ke ɗauke da alamar DOT suna ƙarewa da lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, domin rana da zafi da iskar da ke kewaye suna busar da ita, ta taurare, ta yi ƙananan tsagu a gefe. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa bincikar taya kowace shekara idan ta kai biyar, a kuma jefar da ita idan ta kai goma, kome kyan zanenta. Wannan ya zama abin lura ƙwarai a Nijeriya, inda Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta koma hannun kayan da ake shigowa da su, masu kyau da na jabu da na gwanjo duk a rumfa ɗaya. Tsohuwar taya da ta taurare ita ce ma takan burge mai neman ƙarko, don ba ta cinyewa. Ba ta cinyewa ne domin ta daina kama ƙasa.

Ko sabuwa fil aka saya, fatarta takan zo da santsi daga masana'anta, kuma siffarta ta bambanta da ta tsohuwar da hannu ya saba da ita. Masu ƙera taya suna ba da shawarar a yi kimanin kilomita 160 na farko a hankali, ba birki mai ƙarfi, ba kwanciya sosai a kwana, sannan a sake auna iska washegari da safe.