Iskar Ozon Da Ragowar Maganin Ƙwari: A Fara Gyara Daga Gona

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa fiye da ƙa'idarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Wannan darasi ne ga duk ɗan kasuwan da ke shirin zuba jari a sarrafa ruwan tumatir, karas da sauran kayan lambu, musamman ganin yadda feshi ya ƙaru a gonakin tumatir tun bayan annobar tsutsar Tuta absoluta ta shekarar 2016.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tallatawa ita ce amfani da iskar ozon. Ana samar da ita ne da wutar lantarki daga iskar oksijin, a busa ta cikin ruwa, ta farfasa wasu magungunan ƙwari, ta kashe ƙwayoyin cuta, sannan ta koma oksijin ba da jimawa ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita wajen tsabtace abinci a shekarar 2001.

To amma a ganinmu bai kamata a ɗauke ta maganin kowace cuta ba. Idan aka busa ta kai tsaye cikin ruwan kayan lambu, takan rage bitamin C, ta kuma dusashe launi, wanda shi ne mai saye yake fara dubawa. Haka kuma wasu magunguna, irin su malathion da chlorpyrifos, sukan rikiɗe su zama sinadaran da suka fi na asali dafi idan aikin bai kammala ba. Ga shi kuma ba a adana ozon. Dole injin ya yi ta aiki, alhali kowa ya san halin da wutar lantarki take ciki a ƙasar nan.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a wanke kayan da ruwan ozon kafin a matse, a kuma kai samfuri ɗakin gwaji kafin a fitar da kaya kasuwa. Mafi muhimmanci, masu masana'antu su ƙulla yarjejeniya da manoman da za su kiyaye kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da girbi, hukumar NAFDAC kuma ta tsananta sa ido. Kuɗin da aka kashe wajen wayar da kan manomi ya fi sauƙi a kan asarar kayan da aka dawo da su daga tashar jirgin ruwa. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.