Maganin Ido da Lasisinsa Bai Ambaci Ido Ba

Lasisin magani yana fayyace cututtukan da kamfani ya nemi izinin sayar da shi dominsu. Idan likita ya rubuta shi don wata cuta dabam, shin asusun lafiya na gwamnati zai biya? Labarin Avastin ya nuna cewa ya kamata ya biya, muddin bincike ya tabbatar da amfanin.

An yi wa Avastin rajista ne domin ciwon daji. Daga baya likitocin ido suka gano cewa allurar ɗan kaɗan daga cikinsa a cikin ido tana tsayar da wata cutar tsufa da ke cinye tsakiyar gani. Akwai Lucentis mai lasisin wannan cuta, kuma kamfanin Genentech ne ya ƙirƙiro su duka biyun. A wancan lokacin, a Amurka allurar Lucentis ɗaya ta kai kusan dala 2,000, ta Avastin kuwa wajen dala 50. Binciken CATT na 2011 ya nuna amfaninsu ga gani kusan ɗaya ne.

Roche, mai sayar da Avastin a Turai, bai nemi lasisin ido ba, domin ba shi da riba a nemansa. A 2014 hukumar kare gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Roche da Novartis tarar kimanin yuro miliyan 180 bisa haɗa baki don karkatar da likitoci zuwa magani mai tsada. A shekarar nan Italiya ta sa Avastin cikin magungunan ido da gwamnati ke biya, kuma a 2018 Kotun Tarayyar Turai ta ce hakan bai saɓa wa doka ba.

Masu adawa suna da hujja. Dole a rarraba kwalbar Avastin cikin ƙananan sirinji, kuma a 2011 gurɓatattun allurai sun jawo wa wasu majinyata mummunan ciwon ido a Miami. Sai dai maganin wannan shi ne tsaurara sa ido: a rarraba a ɗakunan haɗa magani masu izini, a sanar da majinyaci, a rubuta sakamako.

Kuɗin asusun lafiya yana da iyaka, kuma abin da aka kashe a kan allura ɗaya mai tsada zai iya ceton idanu da yawa. Gwamnatin da ta ce sai abin da lasisi ya ambata za ta biya, ta miƙa wa kamfani ikon zaɓar wanda zai ci gaba da gani.