Haɗarin mota a ƙasar Magarya: diyya tana cikin doka, talaka yana gidan maɗori

Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Sassumbrum da Magarya da Dungas ya san yadda ake tafiya a kansu ranar kasuwa: mota guda ta ɗauki buhuna, ta ɗauki awaki, sannan a ɗora mutane bisa kaya. Ranar da taya ta fashe, abin da ke biyo baya ma sananne ne. A kwashi masu rauni zuwa gidan likita mafi kusa, wanda ya tsananta a wuce da shi Magarya, wanda ƙashinsa ya ragargaje a ce sai babban asibitin Damagaram. Dangi su saida akuya ko buhun gero don man mota da takardar magani, tunda kulawar kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ta yara ce ƴan ƙasa da shekara 5, ba ta magidanci mai karaya ba.

Abin takaici, wannan bawan Allah yana da haƙƙi a rubuce. Tun 1992 Nijar ta sa hannu a birnin Yawunde kan yarjejeniyar CIMA, dokar inshora ta bai ɗaya da ta fara aiki a 1995. Dokar ta tilasta wa kowace mota ɗaukar inshora, wadda direbobi ke kira asurans, kuma fasinjan da ya ji rauni yana cikin waɗanda kamfani zai biya. Ta ce jami'an da suka auna haɗari su aika wa kamfanin inshora rahotonsu cikin wata 3. Ta ce kamfani shi zai gabatar wa mai rauni tayin diyya cikin ƙayyadadden lokaci. Manomin da ba ya da takardar albashi ma ba a manta da shi ba, ana lissafa masa bisa albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, wanda ya koma jaka 42 a wata. Mai haƙƙi yana da shekara 5 kafin dama ta kuɓuce masa.

To, me ya sa a ƙauyukan nan da wuya a nuna mutum guda da ya karɓi wannan kuɗi? Dalili shi ne dukan ginin ya tsaya ne bisa takarda, takardun kuwa a ranar farko suke salwanta. Kafin jandarmomi su iso an janye motar, an kira dattawa, mai mota ya kawo ɗan abin sayen magani, an ce ƙaddara ce, an shafa fatiha. Ba a yi konsta ba, saboda haka a idon kamfani haɗarin bai auku ba. Shi kuma mai karaya, da ya ji kuɗin aiki a Damagaram, sai a maida shi gida wurin maɗori. Maɗori ya iya aikinsa ko bai iya ba, ba ya rubuta takardar shaidar likita, ba ya ba da rasit, alhali doka ba ta maida kuɗin jinya sai da shaidar abin da aka kashe.

Ba a raina sulhu ba. Shi ya riƙe zumunci a inda direba da fasinja sau da yawa ƴan gari ɗaya ne, wani lokaci surukai. Amma a duba wanda ya ci ribarsa. Mai mota ya riga ya biya kuɗin asurans don ya wuce shingen hanya, ga shi ya sake biya daga aljihunsa. Mai rauni ya karɓi abin da bai kai kuɗin allurai ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗi a kan alƙawarin ɗaukar wannan nauyi bai fitar da ko dala ba. Yafewar da aka yi don Allah ta ƙare a asusun wani a Yamai. Mutane da yawa suna gudun konsta ne don suna zaton ɗaure direba suke nema, babu wanda ya bayyana musu cewa neman diyya daga kamfani abu ne dabam.

Wanda ya daure ya bi hanya ma yana da aiki. Takardu da Faransanci, ofisoshi a birni, kuma idan ya sa hannu a kan tayin da ya saɓa wa doka, kwana 15 kawai gare shi ya janye, ta wasiƙa mai rajista. A tambayi mutumin Sassumbrum inda zai samo ta. Idan motar mai lambar Najeriya ce, irin masu zuwa Maigatari ko Daura, sai maganar ta ƙara tsawo.

Gyaran da ake bukata bai kai a jira sabuwar doka ba. Jandarmomin Magarya da na Dungas su riƙa miƙa wa dangi lambar rahoto da sunan kamfanin da motar ke ciki. Asibitin gunduma ya rubuta takardar shaida tun ranar da aka kawo mai rauni, ko ba a nema ba. Gidajen rediyon karkara su karanta waɗannan sharuɗɗa da Hausa, hakimai da masu gari kuma su daina zaman sulhu a kan karaya ko rasa rai sai an gama konsta.