Kafin Mu Sayi Babbar Kyamara, A Duba Wadda Ke Cikin Durowa



A zamanmu na ƙarshen wata an kawo shawarar a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi babbar kyamara, irin wadda ake canza wa gilashi, da ƙafarta da fitilarta da jakarta, domin wakilanmu su riƙa tafiya da ita duk lokacin da aka tashe su zuwa gida Arewa. Matasanmu ne suka kawo shawarar, kuma da kyakkyawar niyya suka kawo ta. Sun ce hotunan da muke sawa a shafin nan ba sa fita kamar na wasu ƙungiyoyi, kuma al'ummar da take zaune a Sabon Ibadan tun 1916 bai kamata a ce ba ta da abin adana tarihinta ba. An ɗage maganar zuwa zama na gaba. Mu a ofishin sakatare ba mu goyi bayan sayen ba, kuma tunda ranar magariba ta kore mu kafin mu gama bayani, ga dalilanmu a rubuce domin kowa ya karanta ya auna.

Mu fara da hanyar kanta, don duk wanda ke karanta wannan ya san ta. A tashi daga Ibadan a bi Oyo da Ogbomosho da Ilorin, a haye gadar Jebba, a wuce Mokwa, sannan a kama hanyar Kaduna ko ta Kontagora gwargwadon inda aka nufa. Yini ne cur da dare, wani lokacin har da ƙari idan manyan motoci suka toshe hanya. Mutum yana zaune a matse, jakar kayansa a ƙarƙashin kujera, ga tsarabar da mutanen unguwa suka ɗora masa ya kai wa iyayensu, ga ambulan ɗin gudummawar ƙungiya a ɗaure a jikinsa. A irin wannan tafiya kowace ƙarin jaka ƙarin damuwa ce.

Ba da ka muke magana ba. Bara da aka tashe mu mu huɗu zuwa ɗaurin auren 'yar wani dattijonmu, mun ari babbar kyamara a wajen ɗan wani mamba, ya haɗo mana da gilasai biyu da ƙafa da caja, ya kuma yi mana bita ta kusan awa guda. Tun daga tasha jakar ta zama kamar jariri. Ba a sa ta a but, ba a ajiye ta a ƙasa, in an tsaya sallah ko cin abinci sai mutum ɗaya ya zauna gadinta. A shingen bincike biyu sai da aka sa muka buɗe ta, aka yi ta tambayar ko mu 'yan jarida ne, wa ya aiko mu, me za mu ɗauka. Babu wanda ya ci mutuncinmu, amma sauran fasinjoji sun yi ta harararmu saboda mun ɓata musu lokaci. Da muka isa ƙauyen babu wuta, batirin ya ƙare kafin la'asar ɗin ranar farko, muka aika yaro a babur zuwa shagon caji a garin da ke kusa. Kafin ya dawo an shafa fatiha an watse. Abin da muka komo da shi bai kai hoto talatin ba, rabinsu kuma sun yi duhu ko sun yi dishi-dishi saboda wani ya taɓa wani maɓalli da ba mu san yadda ake mayar da shi ba. Laifin ba na kyamarar ba ne. Kaya ne na gwani, mu kuwa 'yan goro ne da 'yan canji da direbobi.

Watanni kaɗan bayan haka aka yi mana rasuwa, aka sake tashin wakilai zuwa ta'aziyya. Wannan karon babu wanda ya yi maganar aro. Muna neman wata tsohuwar takarda a durowar ofis muka ci karo da ƙaramar kyamarar da shugabannin da suka gabace mu suka saya, Canon PowerShot A590, samfurin da ya fito a 2008. Muka goge ta, muka sa mata batir, ta buɗe ido kamar jiya aka ajiye ta. Aljihun gaban riga ta shiga, kuma a nan ta yi tafiyar gaba ɗaya. Babu wanda ya tambaye mu komai a hanya.

Batirinta shi ne abin da ya fi burge mu. Ƙananan batura biyu take ci, irin na agogon bango, waɗanda ake samu a teburin mai kayan masarufi a kowane gari. Ba ruwanka da ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Sai dai a kula, batir mai arha ba ya jimawa a cikinta, hoto kaɗan za ka ɗauka ta ce ya ƙare. A nemi mai ƙarfi, ko kuma irin wanda ake yi wa caji a yi guzurin guda huɗu. Tana kuma da ɗan ramin leƙawa a sama, wanda idan rana ta take allon ba ya ganuwa sai ka kafa ido a nan, kuma kashe allon yana ƙara wa batir kwana.

Amma babban abin da ya sa muka tsaya a kan ra'ayinmu ba batir ba ne, mutane ne. Duk wanda ya taɓa ɗaga babbar kyamara a zauren dattawa ya san abin da ke faruwa. Hira ta tsaya, kowa ya gyara hula, a ƙame kamar za a yi hoton fasfo. Wasu ma su tashi su fita, don a wajensu wannan kaya na gwamnati ne ko na masu raba tallafi, kuma ba su san inda fuskarsu za ta je ba. Ƙaramar kuwa, idan ka nemi izini ka ɗauki na farko ka nuna musu, sai a yi dariya a ci gaba da magana, a manta da ita. Hotunan da muka samo a wannan tafiya na mutane ne a yadda suke: liman yana raba goro, ƙanen mamacin yana nuna mana iyakar gonarsu, yara sun kewaye motar da ta kawo mu.

Sannan akwai inda babu namijin da zai shiga ko da wace irin kyamara ya zo. Cikin gida. Rabin abin da ake yi a biki ko suna ko zaman makoki a can ake yinsa, kuma matan ƙungiyarmu da ba su samu zuwa ba abin da suka fi son gani ke nan. Muka kira wata yarinya 'yar gidan da ba ta wuce shekara goma sha uku ba, muka nuna mata maɓalli ɗaya, muka ce ta tambayi kowa kafin ta ɗauka, wadda ba ta so a ƙyale ta. Ta dawo mana da hotuna sama da arba'in. A ciki akwai na mahaifiyar mamacin, tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Allah Ya yi wa wannan baiwar Allah rasuwa kafin azumi, kuma jikokinta da aka haifa a nan Ibadan, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganinta ba, wannan hoton ne kaɗai suke da shi. Mun wanke musu shi babba. Yanzu a gaya mana gaskiya, wa zai ɗauki kyamarar da ta cinye rabin asusun ƙungiya ya miƙa wa yarinya ta shiga da ita cikin taron mata?

Za a ce ai megafiksel 8 ne kawai, alhali wayoyin yanzu ana rubuta 50 ko fiye a jikin kwalinsu. Haka ne. Amma me muke yi da hoto? Mu sa a Facebook, mu tura a WhatsApp, mu wanke kaɗan mu liƙa a ofis, sai kalandar shekara. Facebook da WhatsApp duk matse hoto suke yi su rage masa girma kafin ya isa wayar mai kallo, ko da wace kyamara aka ɗauke shi. Wajen wankewa kuwa, megafiksel 8 ya isa a fitar da hoto mai girman takardar A4 tas, babu wanda zai ce ga aibinsa. Memori mai gig 4 yana ɗaukar hoto kusan dubu a cikinta. Mu da ba allon talla za mu kafa a bakin titi ba, wannan ya wadatar.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wadda wani dattijo ya yi daga baya a zauren: to me ya sa ba za a yi da waya kawai ba, tunda kowa na da ita? Mun yarda waya mai kyau ta fi tsohuwar kyamara da daddare, nesa ba kusa ba. Amma a duba abin da ya faru da hotunan tarukanmu na shekarun baya. Ina suke? Suna cikin wayar wane da aka sace a tasha, da wayar wane da ta faɗa ruwa, da wayar wane da ya goge su don ya samu wurin ajiye karatu, da ta wanda ya koma gida ya canza lamba. Waya ta mutum ɗaya ce, kuma a hanya ita ce abin da yake kira da shi a san lafiyarsa, ita ce bankinsa. Ba adalci ba ne a ce ya ƙarar da cajinta a kan aikin ƙungiya a tsakanin Jebba da Mokwa. Kyamara kuwa ta ƙungiya ce. A sa hannu a karɓa, a dawo a sa hannu a miƙa, a zare memori a kwafe a kwamfutar ofis da wani wuri na biyu, a rubuta rana da gari da sunayen waɗanda ke ciki. In ma tsautsayi ya sa ta ɓace, asarar ba ta kai a kira taron gaggawa ba.

Ba za mu ɓoye gazawarta ba. Tana da nawa, idan ka danna sai ta ɗan yi jim kafin ta ɗauka, in kuma ka kunna walƙiya sai ka jira ta sake shiri. Wanda ya je Hawan Daushe a Ƙofar Kudu yana son ya kama doki a guje, zai dawo da hoton wutsiya da ƙura. Bidiyonta ba abin nunawa ba ne a yau. Ƙurar hunturu ma tana iya maƙale mata ido ya ƙi fita, don haka a riƙa sa ta cikin safa ko ƙaramar jaka. Matasanmu suna da gaskiya cewa taron shekara da ake gayyato sarakuna da manyan baƙi yana buƙatar aiki mai kyau. Amma wannan sau ɗaya ne a shekara, kuma a nan cikin gari ake yinsa. Muna da yaranmu a Sabo da Mokola da wannan ce sana'arsu, suna da kayan kuma sun iya. A ɗauke su aikin yini a biya su, kuɗin ya zauna a hannun namu. Wannan ya fi a sayi kayan da za su kwana wata goma sha ɗaya a kabad, a kuma fara rigimar wa zai riƙe makulli da wa aka ba aro ya dawo da shi a fashe. Duk wanda ya daɗe a ƙungiya ya tuna yadda aka ƙare da lasifikar da aka saya.

Asusun nan kuma kowa ya san abin da yake yi. Da shi ake kai gawa gida ko a yi mata sutura a nan, da shi ake belin wanda aka kama ba da haƙƙinsa ba, da shi ake biya wa marayu kuɗin makaranta. Ma'aji ya karanta mana abin da ya rage a zaman da ya wuce, ba sai mun maimaita a fili ba.

Abin da za mu gabatar a zama na gaba shi ne a bar babbar kyamara, a gyara tsarin wadda muke da ita, a nemo ta biyu irinta domin idan tafiya biyu ta haɗu. Da wuya ma sai an saya. Mun tabbata a gidajen mambobi akwai irin su Sony Cyber-shot da Nikon Coolpix da aka sayo lokacin aikin Hajji ko biki, suna kwance tun da waya ta zo. Mai irin wannan ya duba kafin ya ba yara su yi wasa da ita, don yanzu matasa a ƙasashen waje sun koma yayinsu, kuɗinsu a kasuwar gwanjo ya fara tashi. In za a kawo, a buɗe wurin batir a gani ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen, a haɗo da cajarta in mai caji ce, a kuma lura cewa wasu tsofaffin sosai ba sa karɓar memorin da ya wuce gig 2. Memorin da ke ciki kuwa kada a goge shi. A fara kawo mana mu kwafe, don mai yiwuwa akwai fuskokin mutanenmu da suka riga mu gidan gaskiya a ciki.

Ofis a buɗe yake kullum daga bayan la'asar zuwa magariba, ban da Juma'a. Masu ra'ayin a saya su ma su zo da hujjarsu a rubuce, za mu sa ta a wannan shafi kamar yadda muka sa tamu kafin a kaɗa ƙuri'a. Allah Ya kai mu lafiya.

Sakataren ƙungiya