Jarumin da ya tashi daga keken guragu a babi na talatin



Mun san salon nan: jarumi ya yi haɗarin mota a hanyar Kaduna, ƙashin baya ya karye, ƙafafu suka daina motsi. Bayan babi goma na kuka, Alhaji ya fitar da shi Indiya, aka yi masa aiki, sai ga shi yana takawa ranar ɗaurin aure. Idan muka so nuna mun yi bincike, sai mu ce siminti aka zuba masa a baya. A nan muka kauce hanya.

Aikin simintin gaskiya ne, likitoci na kiransa batiburofilasti. Likitoci biyu, Galibert da Deramond, suka fara yin sa a birnin Amiens na Faransa a 1984. Ba a tsaga baya. Allura ake sokawa cikin gaɓar ƙashin da ta rufta, likita na kallon hoton ƙashin a allo, ya tura wani irin siminti na asibiti, ya daskare ya riƙe wurin. Manufarsa rage zafi ce kawai. Laka kuwa, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, idan ta tsinke siminti ba ya ɗora ta.

Ko a kan zafin ma likitoci ba su gama daidaitawa ba. Bincike biyu da aka buga a 2009 sun nuna waɗanda aka yi wa aikin ba su fi waɗanda aka yi wa na kwaikwayo samun sauƙi ba. Wani da aka yi a Ostareliya, ya fito a 2016, ya ga amfaninsa ga sabuwar karaya wadda ba ta kai mako shida ba. Kuma simintin kan tsiyaya ya fita inda ba a so.

Abin da ya dame mu shi ne, masu karatunmu na yarda da mu. Wata tana karantawa a waya alhali mahaifinta na kwance a ɗaki, kuma ana shawarar sayar da gona.

Mai buƙatar aikin nan ma yawanci ba saurayi mai tsadaddiyar mota ba ne. Tsohuwa ce da ƙashinta ya zaizaye, ta sunkuya ɗaukar bokiti sai bayan ya riƙe, jikoki na cewa ai tsufa ne. Ita ce har yanzu ba mu sa a littafi ba.